Idon Baba na Dama

Bilma, 9 ga Oktoba

Zuwa ga matata Hulda, uwar Godiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da Godiya da Baba da dukan mutanen gida. Yaya aikin koyarwa a lekol, yaya gajiyar girbi? Ni nan lafiya lau, sai gishiri da ke cikin komai, har ruwan sha.

Na zauna in rubuta miki ne don jiya a waya ban yi miki adalci ba. Kin gaya mini an soki idon Baba na hagu a kasuwar Bangi, ni kuwa na hau ki da faɗa kamar ke kinka riƙe allurar, sannan rezon waya ya yanke kafin in ba ki haƙuri. To, ki yi haƙuri. Na san kina cikin aji lokacin da maƙwabcinmu Baba Jima ya ɗora shi a amalanke, kuma ko kina gida, matar ɗa ba ta tare wa uban miji ƙofa. Daga yau zan riƙa rubutawa in ba Abdoulkadir direba, ya sa a motar Madawa in ya isa Agadas. In na yi magana da baki fushi nake yi. A takarda ina samun lokacin haɗiye shi.

Shekara tara ina anfirme, ma'aikacin jinya na ido. Idanun da na leƙa da fitila sun fi mutanen ƙauyenmu yawa, amma idon ubana wani Maiguwa mai bin kasuwanni ya samu. Bari in gaya miki abin da ya yi, don ki san abin da kike jinya.

Mutane na cewa yanar ido wata fata ce da ke rufe ido daga waje, kamar ta saman madara, a yaye ta a yar. Ba haka ba ne. Baƙin nan na tsakiyar ido rami ne, ƙofar da haske ke shiga. A bayan ƙofar akwai wani ɗan abu mai kamar ƙwayar wake, garai-garai kamar ruwan randa in ya kwanta, rataye da wasu zarurruka sirara. A lekol kiristalin muke ce mishi, amma bari in ce mishi waken ido. In mutum ya tsufa waken nan ke dushewa ya yi fari ko ruwan ƙasa. Shi ne yana. Ba baƙon abu ba ne, kayan ido ne da ya lalace. A asibiti ana ɗan tsaga gefen ido a fidda shi, a sa na roba a gurbinsa, wanda anka auna daidai idon mutum. Maiguwa kuwa bai fidda komai ba. Allura yake sokawa ta gefen farin ido, ya tsinke zarurrukan, ya tura waken ya faɗa can ciki. Ƙofa ta buɗe, haske ya shiga, mutum ya yi murna, amma abin yana nan kwance a ciki kamar akuyar da ta mutu a rijiya. Farin abin da kinka ce ya nuna musu a ƙyalle ya ce yanar ke nan, ban san ko mene ne ba. Na dai san ba daga idon Baba ya fito ba.

Ba zan ɗora wa kowa nawa kason ba. Ni na ce wa Baba ya jira ni. Damina biyu ina cewa in na zo konje, hutun aiki, zan kai shi asibiti da hannuna. Sau biyu na rubuta takardar nema, sau biyu shef ɗin asibitinmu ya ce babu mai tsayawa a gurbina. Baba ya jira har ya daina gane Godiya sai ta murya. Maiguwa bai ce mishi ya jira ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo. In idon ya yi ja, ko ya yi tauri, ko Baba ya yi ciwon kai da amai, ranar za ku tafi asibitin mishan, ba gobe ba. Sannan idon dama. Shi ma da yana, amma cikinsa lafiyayye ne, na haska shi da kaina kafin in taho, yana bin haske ta kowane gefe. Likitan ido zai zo asibitin mishan mako na biyu na Janairu, na kira anfirmen can, an rubuta sunan Baba. Wata uku ne. Hulda, don Allah kada allura ta kusanci idon nan. Shi kaɗai ya rage mana wanda ba a taɓa ba.

Ki gaida Baba, ki gaida fasto da ƴan ikilisiya. Baba Jima kuwa, ki gaishe shi in kin ga dama.

Naki,
Iliya


Bilma, 28 ga Oktoba

Uwar Godiya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku ina miƙa hannu nesa kamar tsoho. Na gode wa Allah da idon bai kumbura ba.

Kin ce Baba yana ganin haske da inuwar mutane, yana gane bakin ƙofa, amma fuska ba ta fita, rubutu kuwa baƙi ne kawai ya malale a takarda. Kin ce Maiguwa ya gaya musu a sha romon kaza mako shida, ido zai washe. A sha romon, ba zai cuce shi ba, amma ko kajin Madawa duka ya cinye ganin nan ba zai ƙaru ba, kuma ga dalili.

Kin san garkar albasar Baba Jima. In moton ban-ruwa ya ɗago ruwa anka sake shi babu magudana, ko'ina zai jiƙe amma babu fangalin da ya sha. Haske haka yake. Daga kowane abu yake fantsamowa a watse. Dole a tara shi, a tanƙwara shi, ya sauka a ɗigo guda a bangon baya na ido, inda wata shimfiɗa mai laushi ke karɓarsa ta miƙa wa jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Garai ɗin nan mai tudu da ke gaban baƙin ido shi ke fara tanƙwarawa, yana yin kamar kashi biyu cikin uku na aikin. Waken ido shi ke ƙarasawa. Har ma yana sauya jiki: in za ki saka zare a allura ya kumbura, in kin duba tudu can nesa ya baje. In mutum ya wuce arba'in sai ya fara tauri, shi ya sa nake miƙa hannu in karanta ki. To Baba yanzu babu waken a mazauninsa. Haske na shiga, yana jiƙe bango duka, babu ɗigon da ya sauka daidai.

Abin da anka cire daga ciki sai a mayar da shi daga waje. A cikin kwalin ga za ki ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, lamba goma sha ɗaya. Na tono shi a akwatin tsofaffin tabarau da ke ɗakin aikinmu, na gyara ƙafarsa guda da waya. Na gwada a fuskata, duniya ta narke har na dafa bango, haka zai yi wa duk mai lafiyayyen ido. Ga Baba kuwa ya kamata ya zama daidai. Ki sa mishi yana zaune. Komai zai yi girma ya matso kusa, gefe-gefe zai lanƙwashe, don haka ya riƙa juya kai dukansa, kada ya duba ta wutsiyar ido, kuma ya kula da dokin ƙofa. In zai yi karatu ya zame shi ƙasa zuwa ƙarshen hanci, ya kawo littafin kusa.

Ba na jin daɗin aikowa. Ji nake kamar ina share wa Maiguwa ɓarnar da ya bari. Amma mutumin da ya shekara talatin yana karanta wa ikilisiya Littafi kowace Lahadi, ba zan bar shi yana shafa shi da hannu ba alhali ga abin a akwati.

Ki ce wa Godiya na ga makinta na lissafi, ban ce komai ba tukuna.

Mijinki,
Iliya


Bilma, 20 ga Nuwamba

Hulda,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajartar gaisuwar, raina a ɓace yake.

Da kinka rubuta cewa Baba ya sa tabarau ya kira sunanki tun kina bakin murhu, na rufe ɗakin aiki na yi kuka. Da na kai shafi na biyu sai kukan ya tsaya.

Bari in maimaita abin da kinka faɗa, ko zan gane inda na yi wauta. Baba ya tashi a majami'a ya yi karatu da kansa, ya ba da shaida, ya gode wa Allah, ya gode wa amininsa Jima, ya gode wa Maiguwa. Wannan na haɗiye, ban aiko don a gode mini ba. Amma daga ranar zaurenmu ya zama wurin gwaji. Duk mai hazo a ido, Musulmi da Kirista, yana zuwa a sa mishi tabarau. Wanda ba a taɓa idonsa ba ya sa, ya ce duhun ma ya ƙaru. Sai tsohuwa Sabuwa, wadda Maiguwa ya soka bara, ta sa, ta yi salati ta ce ga zanen zanenki nan tana gani ɗaya ɗaya. Sai dattawa sunka haɗa biyu da biyu: tabarau ba ya kama ido sai wanda hannun Maiguwa ya taɓa. Yanzu mutum bakwai na jiran dawowarsa kasuwar da ke gaban Nowel, bikin Kirsimeti, kuma Baba ya ce shi ne na takwas, da idon dama.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya sunka gani ba. Gaskiya ne tabarau ɗin ba ya yi wa kowa sai wanda anka ture wa wake. Sun duba da kyau, sun gwada, sun kwatanta, abin da muke koya wa ɗiya a lekol ke nan. Abin da ba su gani ba shi ne waɗanda ke zaune a ɗaka. A nan kawai na san mutum nawa da anka soka, sunka yi wata biyu suna murna, yanzu jika ke jansu. Waɗanga ba su zuwa zaure su ba da shaida. Ni da hannuna na yi wa Maiguwa tallar da bai taɓa samu ba, na naɗe ta a kwali, na ba direba.

Zan roƙe ki wani abu, ina jin kunyarsa tun kafin in rubuta. Ki ɗauke tabarau ɗin ki ɓoye. Ki ce ya ɓace, ko ki ce ƙafarsa ta karye kin aiko mini in gyara. Mako huɗu kacal, har kasuwar nan ta wuce. In Baba ya koma cikin hazo zai tuna iyakar abin da allura ta ba shi, mutane ma za su gani. Na san abin da nake cewa: ki yi wa tsoho sata, ki yi mishi ƙarya, ki zauna kina kallonsa yana lalube. Na auna, na ga mako huɗu na lalube bai kai sauran rayuwa ba. In da wata hanya da zan kai hannu daga nan, da ban sa ki ba.

Kada ki karanta mishi wagga.

Iliya


Bilma, 11 ga Disamba

Matata Hulda,

Ina gaishe ki, ina gaida ki da jinya da ɗawainiya. Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara miki ƙarfi. Kin ci abinci kuwa cikin kwanakin nan?

Zan fara da amsarki, don na yi kwana biyu ina fushi da ita. Kin ce ba za ki yi ƙarya da bakin da kike koya wa ɗiyan mutane ba, kuma maimakon ki ɓoye tabarau sai kinka zaunar da Baba kinka karanta mishi wasiƙun duka uku, har da layin da na ce kada ki karanta. Kin ce ya yi dariya ya ce a gaya wa babban likitan Bilma, ya aiko mishi da ido a kwali, yanzu kuma yana so a mayar mishi da abinsa. Ke ce da gaskiya. Da kin bi tawa, da yau Baba ba zai yarda da komai daga bakinki ba, kuma bakinki kaɗai nake da shi a gidan nan.

Sai ga wayarki ta shekaranjiya. Abin da na faɗa a wasiƙar farko ya zo. Ba na jin daɗin kome a cikin haka, na so a ce ni ne maƙaryaci. Abin da anfirmen asibiti ya gaya miki, ga shi da Hausa. Waken da Maiguwa ya tura baya ya zamo gaba, ya kutsa ta ƙofar haske ya maƙale a bayan garai ɗin gaba. Ido yana da ruwan da yake yi kullum, yana da hanyar da ruwan ke fita. Waken ya toshe hanyar. Ruwa ya taru, ido ya yi tauri kamar dutse, ya danne jijiyar baya. Jijiyar nan ba ta jure danniya, kuma in ta mutu ba ta tashi. Kwana huɗu Baba ya yi yana amai yana cewa zazzaɓi ne, ya hana ki kira mota. Maganin da anka ba ku zai rage ciwon har likita ya zo ya fidda abin. Ganin hagu kuwa, kada ki sa rai, kada ki bar shi ya sa.

Yanzu kin ce magana ta juya a gari. Tabarau ne ya tsotse idon, ƙarfinsa ya yi yawa, ɗan lekol ya aiko da abin da ya ƙone aikin Maiguwa. Lokacin da Baba ke gani, hannun Maiguwa ne. Da ya daina, tabarau na ne. Na yi dariya ni kaɗai har mai shara ya leƙo. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya ko a kaina: mutumin da ya sunkuyar da kai kan littafi daga safe har azahar, mai yiwuwa sunkuyon ya taimaki waken ya zamo gaba. Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba. Ban gargaɗe shi a kan haka ba, kuma ya kamata.

Kuma Maiguwa ya aiko da saƙo cewa zai yi wa Baba na dama da kansa, da sharaɗin kada a ƙara sa gilashi. Baba bai ce a'a ba. Na gane shi. Ya ɗanɗani karatu mako biyar, an ƙwace, ga wanda ke cewa kwana goma, ga ɗansa da ke cewa Janairu.

Na nemi konje na uku, an ƙi. Wannan karon ba zan zagi shef ba. Likitocin aikin ido za su iso nan ranar ashirin, sau ɗaya suke zuwa a shekara, ni na tantance mutanen, ni zan auna idanunsu, ni zan yi jinyarsu bayan an tafi. Mutum arba'in da uku, wasu kwana huɗu sunka yi a kan raƙumi. Sau biyu na ɗaure jaka, sau biyu na kwance. Akwai wani tsoho daga Fashi da ke zaune a bakin ƙofata tun Litinin, ɗansa na riƙe da sandarsa. Ban iya kallon ɗan.

Ba ni da sauran bayani. Na faɗi wake, na faɗi albasa, na faɗi jijiya. Abu guda ya rage: ki hana Baba Jima shiga gidan nan har kasuwa ta wuce. Shi ke da amalanke, shi Baba ke saurare. Ki ce ni na ce, ki ɗora mini rashin kunyar.

Ki riƙe mini idon nan, Hulda.

Naki a ko'ina,
Iliya


Bilma, 22 ga Janairu

Zuwa ga uwar Godiya, abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa da godiya ga Allah. Yaya jikin Baba, yaya taki gajiyar? Yaya Godiya? Ni lafiya, sai sanyi. Mutanena arba'in da uku an yi wa talatin da tara, sun koma gidajensu, tsohon Fashi ya tafi yana riƙe da sandarsa da kansa.

Sau biyu ke nan ina ba ki umarni kina yin akasinsa, kuma sau biyu ina cin riba. Na ce ki hana Baba Jima shiga, ke kuwa kinka je har garka kinka kira shi. Kin ce kin zaunar da Baba a bakin ƙofa da hantsi, kinka haska idon hagu ta gefe da fitilar waya, kinka ce Baba Jima ya sunkuyo ya duba. Kuma ya gani: ga shi nan a bayan garai ɗin, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar waken da ya kwana a ruwa. Kin tambaye shi, da ladabi na sani, in wanga yana nan, to mene ne wancan da anka nuna musu a ƙyalle? Ni shekara tara ina kallon abin nan, wasiƙa huɗu na cika da bayaninsa, bai taɓa zo mini in ce a nuna wa mutumin ba. Ina can ina neman yadda za a ɓoye abu.

Yadda kinka ba ni labarin ranar kasuwa, na karanta wa Abdoulkadir har ya buga ƙafa. Baba Jima ya zo tun da safe da tabarmarsa da butarsa, ya shimfiɗa a bakin zaurenmu, ya ce jakinsa ba shi da lafiya kuma duk jakin da ya tsaya a ƙofar nan shi ma zai kamu. Baba ya ce mishi tsohon banza, kai ka kai ni, yanzu kai za ka tsare ni? Ya ce ƙwarai, Obadiya, na kai ɗaya, ba zan kai biyu ba, in kana da ƙarfi ka tsallake ni. A nan ya yi azahar, a nan ya yi la'asar. Ki gaishe shi, wannan karon da gaske. Ki ce mishi na yi mishi mugun zato, kuma na san tun farko ƙauna ce ta sa ya ɗora amininsa a amalanke lokacin da ɗan da ya haifa ke aiko da jira.

Sauran kuma na ji daga anfirmen asibiti kafin wasiƙarki. An fidda waken hagu, ciwo ya tafi, gani bai dawo ba. Na dama an yi shi lafiya, an sa na roba. Kin ce da anka kwance ƙyallen washegari, Baba ya dube ki ya ce an bar ki da yunwa, sannan ya dubi Godiya ya daɗe, ya ce ashe kamar ubanta ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Ki ci gaba da ɗiga maganin sau huɗu a rana, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki kaya, kada ya murza, kuma ranar randebun da likita ya sa ku koma ko yana cewa ya warke. Zai ce.

Ƴar takardar da ya rubuta da hannunsa tana aljihuna. Layukan sun hau juna amma na karanta. Ya ce: Iliya, na hagu ni na kai shi, ba kai ba, ka daina. Ki ce mishi na gani. Ban ce na yarda ba. Ido biyu na bari da na taho, ɗaya zan tarar, kuma na san damina biyun da sunka ci ɗayan.

Yanzu maganar da ta hana ni jin daɗin duka. Kin ce Baba Jima ya bi mutanen nan bakwai gida-gida ya gaya musu abin da ya gani. Uku sun fasa. Huɗu sun tafi, don Maiguwa ya ce kowane ido yanarsa biyu ce, ta gaba da ta baya, shi ta gaba ya cire. Ban san ko ya yarda da abin da yake faɗa ba. Wataƙila haka nasa uban ya koya mishi. Huɗun nan yanzu suna zaune suna shan romon kaza suna jiran ido ya washe, kuma kin ce tabarau na Baba yana wurin tsohuwa Sabuwa, ta ce ko za ya tsotse ta, ta fi so ta ga tuwonta.

Ki bar mata. Na koma akwatin nan na tono wasu huɗu, biyu lamba goma, biyu sha ɗaya, ɗaya na ɗaure da zare. Suna cikin kwalin ga a ƙarƙashin dabino. Na daɗe ina riƙe da su kafin in sa. Na san abin da zai biyo baya: za su sa, za su gani, za a ce hannun Maiguwa na da albarka, kuma baɗi wasu za su hau amalanke saboda abin da na aiko. Na nemi yadda zan hana mutum huɗu ganin jikokinsu don in ci gardama, ban samu ba.

Ki gwada musu ɗaya ɗaya, suna zaune, ki ga wanda ya fi dacewa da kowa. Ki je da Baba Jima, ba ke kaɗai ba. Kuma kafin ki saki tabarau daga hannunki, ki sa kowannensu ya maimaita miki da bakinsa: ranar da idon ya yi ciwo, ranar zai tafi asibiti.

Na rubuta takardar konje ta huɗu. Ba zan gaya miki wata ba, kada ki gaya wa Baba komai.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Iliya Obadiya